Kishi a Gaɓar Uƙair

Ranar da Sha'aban ya fara ganin Mansura da kyau, ba shi take kallo ba. Wani dogon tsuntsu take kallo, wanda ya tsaya da ƙafa ɗaya a bakin ruwa kamar an dasa shi.

Asabar ce cikin watan Maris, lokacin da Larabawa ke kira rabi'i, sanyi ya tafi, zafi bai gama isowa ba. Kamfanin hayar motocin da yake yi wa tuƙi a unguwar Ulaya ta birnin Riyadh ne ya tura shi unguwar Shifa da asuba, ya ɗauki wani dattijo, Alhaji Ɗan'iya, da matarsa Hajiya Rekiya da 'yarsu, ya kai su gaɓar tekun Uƙair. Tafiyar awa huɗu ce daga Riyadh. Alhaji tafinta ne a ofishin jakadanci, shekararsa ashirin da shida a ƙasar, idonsa kuma ya daina ɗaukar doguwar hanya. Duk tsawon tafiyar 'yar tana baya, ta duƙufa a kan wani littafi mai hotunan tsuntsaye, ko tari ba ta yi ba.

Suna isa ta fice da madubin hangen nesa a wuya, wanda a can ake ce wa darbil. Sha'aban yana shimfiɗa wa dattawan darduma ya ji muryarta.

"Abba, wancan me sunansa da Hausa?"

Alhaji ya kanne ido, ya duba, ya ce, "Tsuntsu."

"Haba Abba!"

"Zalɓe ne," in ji Sha'aban, bai ma san maganar ta fito ba.

Ta juyo. Fara ce siririya, idanunta manya, Hausarta kuma a lanƙwashe take irin ta wanda ya tashi da Larabci a baki.

"Zal... me?"

"Zalɓe. Yanzu kifi yake dako. In kika ga ya janye wuya, to ki ƙirga uku."

Ta ɗaga darbil. Zalɓe ya janye wuya, ya soka baki a ruwa, ya fito da ɗan kifi yana wutsil-wutsil. Ta saki wata dariya da Sha'aban ya ji ta har tafin ƙafarsa.

"A ina ka sani?"

"Ni ɗan Nguru ne, Hajiya. Mahaifina masunci ne. A cikin kwalekwale na yi wayo."

"Ni ba Hajiya ba ce, Mansura nake. Riƙe nan, duba can."

Ta miƙa masa darbil ɗin. Bai taɓa sa irinsa a ido ba. Can nesa sai ga wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, launinsu kamar an ɗiga jan shuni a madara, sun sunkuyar da kai cikin ruwa. Ya ce waɗannan kam bai san su ba. Ta ce sunansu nuham. Ta nuna masa farare masu kuka kamar yara, ta ce nauras. Sannan ta nuna wani baƙin layi da ke tafiya a saman teku kamar hayaƙi, ta ce wancan ba hayaƙi ba ne, lauh ne, dubbai, sun fito kamun kifi.

Shekara uku yana ƙasar nan, daga masaukinsa a unguwar Gubaira zuwa Ulaya, daga Ulaya zuwa filin jirgi, bai taɓa jin ƙanshin gida ba sai a wannan wuri, ruwa da laka da kukan tsuntsaye.

Suna cikin haka, tana sake yi wa wata maganarsa dariya, wata farar jif ta tsaya kusa da su. Wani saurayi ya fito cikin farar jallabiya, gemu a gyare, da kyamara mai dogon baki kamar taɓarya. Ya durƙusa ya gaida Alhaji, Alhaji ya dafa kansa yana cewa, "Jamal ɗana!" Sannan ya juya wajen Mansura, suka ɓarke da Larabci mai sauri, suna dariya. Larabcin Sha'aban na titi ne, dama da hagu da yalla da halas. Bai tsinci ko rabin abin da suke faɗa ba.

Ya miƙa mata darbil ɗinta, ya koma jikin mota. Sai ya tsinci kansa yana kishi. Yarinyar da bai kai awa ɗaya da sanin sunanta ba!

Bayan kwana uku yana cin abincin rana saƙo ya shigo wayarsa.

"Assalamu alaikum. Mansura ce mai tsuntsaye. A wayar Umma na ɗauki lambarka, ka yi haƙuri. Na turo hoto, me sunan wannan da Hausa?"

Ya ajiye cokali, ya goge hannu a wando.

"Wa alaikumus salam. Zakaran ƙeƙuwa ne. Shi ne mai tona wa mafarauci asiri, da ya hango mutum sai ya cika daji da kuka."

"Masha Allah! Jamal ya ce babu wanda zai san sunansa."

Ya daɗe yana kallon sunan nan, Jamal. Daga baya ya gane ɗan aminin Alhaji ne, injiniya a garin Khobar, kuma shi ne jagoran ƙungiyar masu kallon tsuntsaye da Mansura ke ciki. Ita kuwa ta karanta ilimin halittu, tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata.

Saƙo ya bi saƙo. Yau balbela, gobe kirinjijiya, jibi tsattsewa. Da sunayen suka ƙare sai aka shiga "ya gajiya", aka shiga "ka ci abinci kuwa?" Wata Asabar Hajiya Rekiya ta ce ya kai su Ha'ir, kudu da Riyadh, inda ruwa ke gudana tsakanin ciyayi. Hajiya ta zauna a inuwa da carbinta, ta yi kamar ba ta ganin komai. A nan, suna tsaye da tazarar mutunci a tsakaninsu, ya tattaro ƙarfin hali.

"Mansura, ni direba ne. Ɗaki ɗaya nake da shi a Gubaira, shi ma mu biyu ne a ciki. Amma tun ranar Uƙair ban sake tashi da safe ba tare da ke a raina ba."

Ta sauke darbil, ba ta dube shi ba.

"Ka daɗe a tsaye da ƙafa ɗaya, Zalɓena. Na yi ta ƙirga uku ban ga komai ba."

Ranar ya koma gida yana murmushi shi kaɗai, har abokin ɗakinsa Basiru, mai aikin walda, ya taɓa masa goshi ya ji ko zazzaɓi ne.

Sai dai son bai zo shi kaɗai ba. Ta sa shi a zauren wayar ƙungiyarsu don ya riƙa ganin hotuna, shi kuwa ba tsuntsaye yake dubawa ba. In Jamal ya sa hoto, sai ya duba ko ta yaba, kuma bayan minti nawa. In ta ce "Jamal ya ce", abinci ya fita ransa.

Wata rana ya rubuta mata:

"Hasken idona, yau sau huɗu kika ambaci Jamal, ni sau ɗaya."

"Ƙirgawa kake yi? Habibi, tare muka tashi da shi. Kamar yayana ne."

"Yaya ba ya kallon ƙanwarsa yadda yake kallonki."

Sai da la'asar ta amsa: "Ba zan iya hana idon kowa kallo ba. Nawa idon na san inda yake kallo. Ka bar wannan maganar, tana ɓata mini rai."

Ya ba ta haƙuri. Bayan sati ya sake.

Basiru ya ce masa, "Kai fa da hannunka za ka kore ta. Mace ta bar injiniya ta zaɓi direba, maimakon ka gode wa Allah ka koma ɗan sanda?"

"Ai shi ya sa, Basiru. Kullum sai in ga kamar kuskure ta yi, watarana za ta farga."

Bayan babbar salla ya roƙi Malam Maulud, wani tsohon tela da 'yan Nguru mazauna Riyadh suka ɗauka uba, ya je masa wajen Alhaji. Malam Maulud ya je, ya sha gahawa, ya dawo jiki a sanyaye.

"Ya karɓe ni da mutunci," ya ce, "amma ya ce a'a. Ya ce iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, tana hannun kafil, wato ubangidan da ya tsaya maka, ranar da ya ga dama ya sallame ka sai filin jirgi. Ya ce 'yarsa a nan aka haife ta, ba ta san ko'ina ba. Kuma mahaifin Jamal ya riga ya yi masa magana, ko da yake bai ba su amsa ba."

Mansura ta kira shi tana kuka, ta ce ya ba ta lokaci, Abba ba ya son a matsa masa, Umma kuma tana bayansu. Ya ce to. Amma daga ranar, duk lokacin da ya rufe ido, farar jif yake gani a ƙofar gidansu.

Haka aka ci sanyi, rabi'i ya sake zagayowa. Cikin watan Afrilu ta turo masa:

"Zalɓena, ranar Asabar za mu Uƙair da su Abba. Ƙidayar tsuntsaye ce ta shekara, wadda ake tura wa masu bincike. Iyayen Jamal ma za su zo, shi zai ɗauke mu. Na gaya maka ne don kada ka ji a wani wuri. Ka yarda da ni."

"Me ya kawo iyayensa wajen ƙidayar tsuntsu?"

"In na dawo zan ba ka labari. Don Allah ka yarda da ni."

Ranar Asabar ɗin aiki ya kai shi garin Hufuf, ya sauke wani baƙo da hantsi. Umarnin mudir, wato manajansu, shi ne ya juyo da mota nan take. Ya tsaya shan shayi, ya buɗe waya. A zauren ƙungiya wata mai suna Marwa ta sa hoto. Ga Mansura kanta a sunkuye, mahaifiyar Jamal ta riƙe hannayenta biyu, Jamal yana tsaye a gefe. A ƙasan hoton an rubuta kalma ɗaya wadda ko Larabcinsa na titi ya gane, kalmar taya murna: "Mabruk?"

Bai ƙarasa shayin ba. Daga Hufuf zuwa Uƙair awa ɗaya ce, shi bai kai hakan ba. Ya kira ta sau shida a hanya ba ta ɗauka ba. Bai tuna cewa a wajen ƙidaya kowa kashe ƙarar waya yake yi ba.

Da ya isa ya hango motocinsu can nesa a kan wani tudun yashi, mutane a zaune a jere, kowa da darbil. A gabansu gaɓar ta yi baƙi ƙirin da lauh, ga nuham a gefe, ga ƙananan tsuntsayen da suka yada zango a hanyarsu ta zuwa arewa. Hanyar mota ta zagaya ta bayan tudu, tafiyar minti ashirin. Tsakaninsa da su kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe, fari fat, a bushe kamar siminti.

Ɗan masunci ne, ya san ƙasar bakin ruwa ba abin yarda ba ce. Direba ne, an sha gargaɗinsu a kan sabha, gishirin da ke bushewa a sama ya ɓoye laka a ƙasa. Duk ya sani. Ya karya kan mota ya shiga.

Ƙarar injin ce ta fara isa. Gaɓar gaba ɗaya ta tashi. Dubban fukafukai suka rufe rana, kuka ya cika ko'ina, cikin minti ɗaya babu ko tsuntsu guda a ƙasa. Aikin da mutum goma sha biyu suka fara tun fitowar rana ya tafi a iska.

Sannan motar ta yi wani nishi ta nutse har ciki.

Ya buɗe ƙofa ya fito, laka ta haɗiye shi zuwa gwiwa. Mutane suka taso. Mansura ce a gaba, ta tsaya inda ƙasa ke da ƙarfi, darbil yana lilo a wuyanta.

"Sha'aban? Lafiya? Wani abu ya faru?"

Da a nan ya yi shiru, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai ya ɗaga waya sama.

"Na zo taya ki murna ne! Ai da kin gaya mini baiko za ki, da ni na kawo ki da kaina. Ba direba ba ne ni?"

Ta dubi hoton daga nesa, ta dube shi, hawaye ya cika idonta.

"Lokacin da aka ɗauki wannan hoton, haƙuri nake ba mahaifiyarsa. Na ce mata ba zan iya auren ɗanta ba, akwai wanda nake so, mutum mai hankali da natsuwa. Ta ce tana so watarana ta gan shi." Ta share ido da gefen mayafi. "To ga shi ta gan shi."

Ta juya ta tafi.

Alhaji Ɗan'iya yana tsaye a kan tudu, hannayensa a baya, yana kallon komai.

Ruwan teku kuwa, wanda ya janye da safe, ya fara dawowa, siririn layi yana rarrafowa a kan gishiri. Wani Balarabe a cikin ƙungiyar ya ce in aka ƙara awa ɗaya sai dai a manta da motar. Sai ga Jamal ya zo da jif ɗinsa bakin ƙasa mai ƙarfi, ya ɗauko igiya da faifan ƙarfe biyu, ya tattare farar jallabiyarsa ya shigo lakar. Da cikinsa ya kwanta ya ɗaura igiyar a ƙarƙashin motar. Sau uku igiya tana kwancewa, a na huɗu motar ta fito, ruwa yana lasar tayoyinta na baya.

Sha'aban ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya ce, "Na gode," da ƙyar.

Jamal, laka har gemu, ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Ka wanke ƙasanta yau, gishiri yana cin ƙarfe." Ya hau motarsa.

Washegari da safe Sha'aban ya shiga ofishin mudir tun kafin a tambaye shi, ya faɗi komai, bai rage ba. Mudir ya buga tebur, ya ambaci sallama da komawa gida, daga ƙarshe ya dakatar da shi wata guda. Ya ce da a bakin wani ya ji, da yanzu yana haɗa kaya.

Wannan bai dame shi ba kamar shirun Mansura. Ya tura saƙo goma, babu amsa. A rana ta tara guda ya shigo.

"Ina sonka, wannan bai canza ba. Amma na yi shekara ina rantse maka a kan abin da ban yi ba, na gaji. Miji nake so, ba mai gadi ba. Kada ka sake turo mini saƙo sai ka san wanne ne kai."

Ya karanta ya fi sau ashirin. Basiru bai ce "ai na gaya maka" ba, tuwo kawai ya tura masa gaba.

Satin da ya biyo ya hau motar haya zuwa Khobar, ya sami Jamal a bakin wurin aikinsa. Suka zauna a wani shagon shayi. Sha'aban ya nemi gafara a kan ƙidayar da ya ɓata da kuma zargin da ya yi masa. Jamal ya juya kofinsa ya yi wata dariya mara daɗi.

"Kana kishi da ni? Ni na yi shekara ina kishi da kai. Duk tsuntsun da muka gani, kafin in buɗe baki sai ta ce bari ta tambayi Sha'aban. Ni da na sayi littattafai da kyamara! Tun muna yara nake sonta, ba ta taɓa yi mini irin dariyar da ta yi maka ranar farko ba. Ina saukowa daga mota na ji ta, tun ranar na san na rasa."

Sha'aban ya sunkuyar da kai. Bai taɓa kawowa a ransa cewa mai farar jif ma yana kwana da ciwo ba.

"Mun sake ƙidayar ranar Asabar," in ji Jamal. "Tsuntsaye sun dawo. Ita ce ba ta zo ba."

Ranar da ya koma aiki, takardar farko da aka ba shi ta unguwar Shifa ce. Wanda ya yi hayar ya ce lallai shi yake so. Ya isa ya tarar da Alhaji Ɗan'iya shi kaɗai a ƙofa da sandarsa.

"Uƙair za ka kai ni," ya ce, ya shiga gaba, ba baya ba.

Sai da suka shiga jan yashin Dahna Alhaji ya gyara murya.

"Jamal ya kira ni. Ya ce ka je har Khobar. Wajen mai gidanku ma, na ji da bakinka ka kai kanka."

"Haka ne, Alhaji."

"Da na ce wa Malam Maulud iƙamarka ce matsala, Hajiya ta tuna mini cewa ranar da na aure ta ko katifa ba ni da ita. Wannan na janye. Amma abin da na gani a bakin ruwan nan ya fi talauci ba ni tsoro." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ina da ƙanwa, Biba. Mijinta yana sonta kamar ransa. Saboda son ya hana ta koyarwa, ya hana ta zuwa biki, har gidanmu sai da rakiyarsa. Bai taɓa zaginta ba. Shekara goma sha biyu, yarinyar da ta fi kowa surutu a gidanmu ta koma ba ta iya haɗa magana biyu. Ban haifi Mansura don haka ba."

Sha'aban ya ƙara riƙe sitiyari.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. In na ba ka ita, rabi'i ya zo, kana wajen aiki, ta ce za ta ƙidaya da ƙungiyarsu, Jamal yana ciki. Me za ka ji?"

Amsa mai daɗi tana bakinsa, ya san ita ake so a ji. Ya haɗiye ta.

"Zai yi mini zafi, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba, har yanzu in na ji sunansa sai gabana ya faɗi. Amma ciwon nawa ne, ba nata ba, ni zan yi jinyarsa. Ba zan hana ta ba, ba kuma zan tambaye ta me aka ce me aka yi ba. In na karya wannan, ka karɓe 'yarka, ba zan ɗaga ido in dube ka ba."

Alhaji ya gyaɗa kai.

"Da ka ce mini ba za ka ji komai ba, da a nan zan ce ka sauke ni." Ya nuna wani gidan mai a gaba. "Juya mu koma. Me zan yi a Uƙair? Ni duk tsuntsu ɗaya ne a wajena. Ka gaya wa Malam Maulud ina jiransa ranar Juma'a bayan la'asar. Amma fa yarinyar ban ce ta huce ba, wannan aikinka ne."

A gidan man ya rubuta mata:

"Mansura, na san wanne ne ni. Mai gadi ne da yake koyon zama miji. Ban gama koya ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. In za ki iya haƙuri da ɗalibi mai nauyin kai, ga ni."

Sai da suka shigo Riyadh amsa ta zo.

"Ni malama ce, na saba da masu nauyin kai. Amma ba na maimaita darasi sau uku, habibi. Ka ci abinci kuwa?"

Ya kifa kai a kan sitiyari a bakin danja, sai da na baya suka yi ta masa hon.

An ɗaura auren bayan wata biyar a masallacin unguwar Shifa, Malam Maulud ne waliyyin ango. Aka yi walima a wani gidan hutu a bayan gari, kabsa, dafa-dukar Larabawa, a gefe, tuwon shinkafa da miyar kuka a gefe, 'yan Gubaira da 'yan ofis a tabarma ɗaya. Mahaifin Sha'aban ya sa albarka ta waya daga Nguru, muryarsa tana yankewa tana dawowa. Jamal ne ya ɗauki hotunan maza, kuma da ya rungume ango yana cewa mabruk, Sha'aban ya ji ɗan tsinken kishi ya motsa a ƙirjinsa. Ya ja numfashi, ya ƙara ƙanƙame shi, ya ce, "Allah Ya ba ka wadda ta fi ta." Jamal ya ce, "Amin, ko da yake da wuya."

Da yamma, kafin a kai amarya ɗan gidan da suka kama, Alhaji Ɗan'iya ya kira su biyun falo. Mansura tana lulluɓe tana sharar hawaye, Hajiya Rekiya na riƙe da kafaɗarta. Alhaji ya kama hannun 'yarsa ya sa a cikin na Sha'aban.

"Ga ta nan da surutunta da dariyarta da yawonta na bakin ruwa. Haka na ba ka ita, haka nake so in riƙa ganinta."

"In sha Allahu, Baba."

"Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku zame wa juna sutura, Ya ba ku zuriya mai jin ƙai. Ku tashi ku je."

Duk falon aka amsa da amin. A ƙarƙashin mayafi Mansura ta matse yatsunsa, ta ce a hankali yadda shi kaɗai zai ji, "Mu je gida, mijina."